AIKIN HANNU: YADDA A KE SA SABON KAN FAMFO A KWANON WANKE HANNU

Garin Ambursa yana bisa hanyar da ta tashi daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, kusa da fadamar Gulbin Rima. Mutanen dā na wannan ƙasa ba su san wata hanyar samun ruwa ba sai rijiya da guga, da tulu da randa. Amma tun da aka yanke Jihar Kebbi daga ta Sakkwato cikin 1991, Birnin Kebbi ta zama mazaunin Gwamna, gine-gine suka yawaita, har aka yi filin jirgin sama a Ambursa. Yanzu a makarantu da ɗakunan shan magani da gidajen ma'aikata a kan ga rijiyar burtsatse, da tanki a bisa hasumiyar ƙarfe, da bututu ya bi bango ya shiga makewayi.

To, ko wane sabon abu da irin tasa ɗawainiya. Tulu in ya fashe, uwargida ta san gidan maginiya. Famfo kuwa in ya lalace, sai a ɗaure masa baki da tsohuwar robar keke, a aika birni neman mai gyara, a yi ta jira yau da gobe, ruwa yana tsiyaya. Da yawa daga cikinku za a tura su wuraren da babu mai gyara kusa, kuma malami shi jama'a za su zuba wa ido. Saboda haka ya kamata ko wane ɗalibi ya iya wannan aiki tun bai bar makaranta ba. Ba aiki ne na ƙarfi ba. Asirinsa ɗaya ne, watau mutum ya san daidai inda a ke tsare ruwa a ko wace mahaɗa. Wanda ya san wannan, da ɗan murɗi kaɗan zai gama. Wanda bai sani ba, ƙarfinsa ne zai ɓata masa aiki.

1. HASARAR DA KE CIKIN ƊIGO

Bari mu fara da lissafi, don kada wani ya ce ɗigo ba kome ba ne. A yini da kwana akwai daƙiƙa 86,400. Ɗigon famfo wajen 4,000 su ke cika lita guda. In famfo yana ɗiga sau ɗaya ko wace daƙiƙa, raba 86,400 da 4,000, za ka sami lita 21 da ɗoriya. Watau kusan jarka guda ke nan ko wace rana. A shekara ya tasam ma lita 7,900, fiye da jarka 300 mai cin lita 25. Tambayi ɗan ga-ruwa kuɗin jarka guda a unguwarku, ka ninka, ka gani ko bai fi kuɗin sabon kan famfo nesa ba. Da yayyafi kogi kan cika.

Hasarar ba ta tsaya ga kuɗi ba. A wannan ƙasa a kan yi wata bakwai ko fiye ba a ga ruwan sama ba, kuma ruwan da ya hau tanki, mai ne ko lantarki ya hau da shi. Ruwan da ke zuba a gindin bango ya kan jiƙa tubali ya zubar da yaɓe, ya jawo gara. Inda ya kwanta kuma, nan sauro ke ƙwai. Mafi muni duka, in an gaji da zubar a kan rufe ruwan ɗungum, yara su fito daga makewayi ba su wanke hannu ba, alhali kuwa ta hannu mara tsabta zawo da kwalara su ke samun hanyar shiga ciki.

2. ABIN DA KE TURO RUWA

Kafin ka taɓa sifana, sai ka san abin da ke turo ruwa zuwa bakin famfo. Ba faɗin tanki ba ne, ba kuwa yawan ruwan da ke ciki ba. Tsawo ne kaɗai, watau tazarar da ke tsakanin fuskar ruwan tanki da bakin famfo, in an auna daga sama zuwa ƙasa sak. Wani masani, Simon Stevin, ya bayyana wannan a ƙasar Holan tun 1586. Ƙaramin tanki a bisa doguwar hasumiya ya fi ƙaton tanki a bisa gajeriya turo ruwa.

Ma'aunin wannan turi, wanda a kan rubuta a jikin kwalin famfo, sunansa bar. Tsawon mita 10, watau wajen ƙafa 33, shi ke ba da bar guda. To, a ce fuskar ruwan tankinku ta ɗara bakin famfo da ƙafa 11, turin da ku ke da shi sulusin bar ne kurum. Akwai kawunan famfo masu kyaun gani waɗanda aka ƙera domin biranen da ruwansu ke da turin bar ɗaya ko fiye. Hanyar ruwa a cikinsu ƙunci gare ta. In ka sa irinsu a gidan da tanki ba shi da tsawo, sai ka ga ruwa yana fitowa siriri kamar zare, ka zaci famfon ne mara kyau, alhali kuwa zaɓe ne bai dace ba.

Wannan ka'ida tana aiki har a ƙarƙashin ƙasa. A nan kwarin Rima akwai shimfiɗar yashi mai riƙe da ruwa, wadda masana ƙasa suka sa wa sunan Gwandu. Da aka haƙa rijiyoyin gwaji cikin shekarun 1960, waɗansu da ke cikin kwari ruwansu ya riƙa ɓulɓulowa da kansa ba injin, gama mashigarsa tana tudu. Abin da ya shafi aikinmu a nan shi ne, ruwan da ya fito daga yashi ya kan taho da ɗan yashi. Ka riƙe wannan, za mu komo kansa.

3. SASSAN FAMFO DA SUNAYENSU

Ɗauki kan famfo a hannu ka duba. Akwai jiki, akwai hannun da a ke murɗawa, akwai baki inda ruwa ke fita. A cikin bakin sau da yawa akwai 'yar rariya da a ke iya kwancewa. A ƙarƙashin jiki akwai wani guntun bututu mai haƙora zagaye da shi, shi za mu kira wutsiya. Wutsiya ita ke shiga ramin kwano, noti ya kama ta daga ƙasa. Akwai kuma faifan roba ƙanana masu rami a tsakiya, su a ke kira washa. Daga wutsiya sai tiyo mai lanƙwasuwa, wanda ke da noti a ko wane kai, ya tafi ya haɗu da makullin ruwa a jikin bango. Masu sana'a bawul su ke ce wa makullin nan, kwanon kuma su ce besin.

Ta wajen ciki, famfo iri biyu ne. Na farko shi ne wanda a ke murɗawa sau da yawa, sandar ciki ta sauka ta danne roba bisa bakin rami. Kamfanin Guest and Chrimes na garin Rotherham a Ingila shi ya fito da wannan dabara cikin 1845. Na biyu shi ne na zamanin nan, mai faifai biyu na tangaran mai tauri, ɗaya bisa ɗaya, ko wane da ƙofa. In ƙofofin suka yi daidai ruwa ya wuce, in suka saɓa ya tsaya. Wannan rubu'in zagaye kaɗai a ke juya shi. Na farko ya fi haƙuri da yashi, kuma robarsa in ta cinye a kan sake ta da kuɗi kaɗan. Na biyu ya fi sauƙin buɗewa, ya fi daɗewa in ruwa garau ne, amma ƙwayar yashi in ta karce faifansa, sai a sake cikinsa duka.

4. KAFIN A TAFI KASUWA

Duba kwanonka tukuna. Rami ɗaya gare shi ko biyu? Ruwan sanyi kaɗai ke zuwa, ko har da na zafi? Kan famfo mai gauraya zafi da sanyi yana da tiyo biyu, ramin da ya ke bukata kuma wajen milimita 35 ne. Auna ramin, auna kuma tazara daga ƙasan kwano zuwa makulli, don ka san tsawon tiyon da za ka saya. Ka ƙara ɗan tsawo, gama tiyo ba ya son ja. In da hali, tafi da tsohon tiyon kasuwa, gani ya kori ji.

Haƙoran kayan famfo da a ke aiki da su a Nijeriya na tsarin Ingila ne. Asalinsu daga Joseph Whitworth ne, wani maƙeri na Manchesta, wanda cikin 1841 ya kawo shawara a daidaita haƙoran noti duka bisa ma'auni ɗaya, domin dā ko wace maƙera da irin nata. Girman da ya shafi kwanon wanke hannu shi ne wanda a ke kira rabin inci, yana da haƙora 14 a ko wane inci. Kada ka ruɗe in ka auna wutsiya ka tarar kaurinta ya kai milimita 21, watau ya fi inci uku bisa huɗu. Sunan rabin inci daga ramin cikin bututun dā ya samo asali. Ka kuma yi hattara da kayan gwanjo da suka fito daga Amurka. Nasu haƙoran ma 14 ne a inci, amma yankansu dabam ne, kusurwar nasu digiri 60, ta Ingila 55. Su kan fara shiga kamar za su yi, sa'an nan su cije ko su riƙa zuba.

Wajen zaɓe, kada ƙyalli ya ruɗe ka, duka an shafe su da abu guda. Ɗaga ka ji nauyi, ka leƙa cikin wutsiya. Na tagulla yana da nauyi, cikinsa rawaya-rawaya. Akwai wani mara nauyi mai launin toka a ciki, ƙarfensa gautsi gare shi, ya kan tsage a wajen noti. Araha ba ta ado. In kuɗi bai kai na tagulla ba, na roba mai kauri ya fi wannan mai gautsi, muddin ba a rana zai zauna ba. Kada ka bar kanti sai ka buɗe kwali ka ƙirga noti da washa, ka ga sun cika. Sayi sabon tiyo, kada ka mai da tsoho, gama robar da ke cikinsa ta riga ta bushe.

5. KAYAN AIKI DA SHIRI

Ga abin da za ka tanada: sifana mai buɗewa da tsukewa, filaya, tocila, bokiti, tsummoki, ɗan kananzir, lemun tsami, tsohuwar jarida, da nadin farin tef irin na masu gyaran famfo. Akwai wata sifana mai dogon wuya da aka yi musamman domin notin da ke lungu bayan kwano. In ka samu aro, ta rage maka wahala ƙwarai. Nemi kuma mataimaki guda, ko da yaro ne mai hankali.

Fara aikin da hantsi, ran da kantuna ke buɗe, don in wani abu ya kasa a aika a sayo. Kada ka fara da la'asar, ko ran Jumma'a gab da tafiya masallaci. Gaya wa mutanen gida su tari ruwa a randa. Sa'an nan rufe makullin da ke ƙarƙashin kwano. In babu shi, ko ya cije, rufe babban makulli na gindin tanki, ka ɗaura masa tsumma don alama, kada wani ya zo ya buɗe kana tsakiyar aiki. In akwai tukunyar dafa ruwa ta lantarki, kashe wutarta, ka bari ruwan ya huce. Buɗe tsohon famfo har ruwan da ya rage a bututu ya ƙare. In ya ƙi tsayawa, makullin ba ya riƙewa, kada ka kwance kome sai ka sami inda za ka tsai da ruwan. Daga nan toshe ramin kwano da tsumma, don kada ƙaramin abu ya faɗa ciki.

6. CIRE TSOHO

Ka'idar murɗi ita ce: in kana fuskantar bakin abin da noti ya hau, juyi irin na hannun agogo ɗaurewa ne, saɓaninsa kwancewa. Wanda ya kwanta rigingine ƙarƙashin kwano yana duban sama, yana fuskantar bakin wutsiya, ka'idar ta yi masa daidai. Wanda ya tsaya ya zura hannu daga sama, a juye za ta zo masa. Nan mutane da yawa su ke ƙara ɗaure abin da su ke nufin kwancewa.

Ajiye bokiti a ƙasa. Kwance tiyo daga makulli, kana riƙe da jikin makullin da filaya don kada ya juya ya karya bututun cikin bango. Sa'an nan kwance shi daga wutsiya. Daga nan sai babban noti. Mataimaki ya riƙe famfon daga sama, kai kuwa ka kwance daga ƙasa. In tsatsa ta kama shi, ɗiga masa kananzir ka ba shi rabin sa'a, ka sake gwadawa. Ko kusa kada ka buga da guduma. Kwanon tangaran ne, ɗan'uwan faranti, in ya tsage ba ya ɗinkuwa, kuɗinsa kuma ya ninka na famfo. In noti ya ƙi sam, gara a yanke shi a hankali da zarton ƙarfe.

Bayan ka zare tsohon, goge bakin ramin sama da ƙasa. Farin dattin da ya daskare a wurin, ruwan lemun tsami yana narkar da shi. Washa ba ta zama daidai a bisa datti.

7. MAHAƊA IRI BIYU

Nan ne zuciyar darasin. Haƙoran noti ba su tsare ruwa da kansu, gama ko yaya suka kama juna akwai 'yar hanya da ta bi su zagaye-zagaye har waje. Saboda haka ko wace mahaɗa tana da wani abu mai taushi da ke toshe hanya. Iri biyu ne.

Iri na farko, mahaɗa mai washa. Leƙa cikin notin tiyo, za ka ga roba a kwance a gindinsa. In an ɗaura, bakin wutsiya ya kan zauna bisa robar nan ya danne ta. Robar ce mai tsaron ƙofa, haƙora aikinsu riƙo ne kurum. A irin wannan ba a sa tef. In ka sa, ya kan cika tsakanin haƙora, noti ya yi tauri tun bai kai ga roba ba, ka zaci ya ɗauru, alhali ƙofa a buɗe ta ke. Kuma ba a matsawa da ƙarfi. Roba in an danne ta daidai ta kan bazu ta cika wuri, in an wuce kima sai ta tsage ko ta tsere gefe. Ƙa'ida ita ce: ɗaura da yatsu har ya tsaya, sa'an nan ƙara rubu'in zagaye da sifana. In an gwada an ga laima, a ƙara kaɗan. Ƙari yana da sauƙi, amma robar da ta tsage ba ta komawa.

Iri na biyu, mahaɗa mara washa, kamar inda makulli ya shiga bututun bango. A nan haƙoran ne da kansu za a toshe, nan ne wurin tef. Masu aikin dā da zaren rama da fenti su ke yi. Farin tef na yanzu an yi shi da wani abu mai santsi wanda Roy Plunkett ya gano a Amurka cikin 1938. Riƙe abin da za ka naɗa, bakinsa yana dubanka, ka naɗa yadda hannun agogo ke tafiya, kana ɗan ja don ya shige cikin haƙora. In ka naɗa a juye, wajen ɗaurawa sai ya warware ya dunƙule. Bar haƙori na farko tsirara, don kada guntun tef ya yanke ya bi ruwa ya toshe famfo. Fara da zagaye 5 ko 6. In abin ya shige sako-sako har ƙarshe, cire ka ƙara. In ka ɗaura irin wannan, kada ka komo da shi baya don gyara fuska, gama komowa tana buɗe hanyar da ka toshe.

Ko wace iri ce, da yatsu a ke fara ɗauri. In noti ya cije tun zagaye na farko ko na biyu, ya hau a karkace. Komo da shi ka sake. Wanda ya tilasta shi da sifana zai cinye haƙoran, balle in ƙarfe ne ya haɗu da roba.

8. SA SABO

(a) In famfon mai tiyo biyu ne da ke shiga cikin jikinsa, ɗaura su tun yana hannunka, da yatsu kaɗai, gama zoben roba ne ke tsare su.

(b) Sa washa ta sama a gindin famfo, zura wutsiya cikin rami. Wannan washa ita ke hana ruwan da ya fantsama bisa kwano bin rami ya sauka.

(c) Daga ƙasa sa washa ta biyu, sa'an nan noti. Kada ƙarfe ya taɓa tangaran ba roba tsakani.

(d) Ɗaura da yatsu. Tashi ka duba, bakin famfo ya dubi ramin kwano sosai. Mataimaki ya riƙe, ka ƙara da sifana har famfon ya daina motsi in an girgiza shi. Iyakarsa ke nan.

(e) Ɗaura tiyo a makulli, amma kada ka haɗa ɗaya kan tukuna. Sa shi cikin bokiti, buɗe ruwa kaɗan, ka bari ya zuba har ya fito garau. Duba gindin bokitin, sau da yawa za ka ga yashi da ɓarɓashin tsatsa. Da ba ka yi haka ba, cikin sabon famfonka za su shiga tun ran farko. In tiyon irin wanda ya riga ya shiga jikin famfo ne, yi wannan wanki da tsohon tiyo.

(f) Rufe ruwa, haɗa tiyo da wutsiya. Ya yi lanƙwasa mai sauƙi kamar baka, kada ya karye, kada ya murɗe, kada ya miƙe tsam. In akwai ruwan zafi, al'ada ita ce zafi a hagu, sanyi a dama, don kada baƙo ko makaho ya ƙone.

9. GWAJI

Cire 'yar rariyar baki, buɗe famfon, sa'an nan buɗe makulli sannu-sannu. Zai yi tari da atishawa, iska ce ke fita, kada ka tsorata. Bari ya zuba minti ɗaya ko biyu, rufe, mai da rariya. Goge ko wace mahaɗa ta bushe sarai, ka taɓa ta da busasshiyar takarda, gama takarda ta fi ido ganin laima. A yi gwajin famfo yana rufe, tanki kuma cike, don a sa'an nan ne turi ya fi yawa a kan mahaɗa. Shimfiɗa jarida a ƙasa ta kwana. In gari ya waye ba tabo, aiki ya yi.

In an ga aibi, ga yadda a ke gane shi. Zuba a notin tiyo: washa ta karkace, ko ta faɗi, ko ta tsage. Zuba inda makulli ya shiga bango: tef bai isa ba. Ruwa yana bin wutsiya sai an wanke hannu kaɗai: washa ta sama ba ta zauna ba. Ruwa kaɗan-kaɗan: duba rariya, duba ko tiyo ya karye, duba ko makulli ya buɗe duka, bayan wannan sai ka tuna da tsawon tanki.

Akwai kuma inda ya wajaba ka tsaya. In bututun cikin bango ya ruɓe ko yana juyawa, in kwano ya saki bango, in ka ji ɗan jan lantarki a jikin famfo, rufe ruwa da wuta ka kira mai sana'a. Sanin iyaka yana cikin gwaninta.

10. RIƘO

Famfo ba tsufa ke kashe shi ba, hannu ne da yashi. Koya wa yara su rufe shi har ruwa ya tsaya kurum, kada su ƙara. Ɗigo biyu uku da ke biyo bayan rufewa, ragowar ruwan baki ne. Kada a rataya bokiti a wuyansa. A wanke tanki a kan kari, a rufe bakinsa saboda ƙurar hunturu, bututun da ke fita daga tanki kuma ya ɗan ɗara gindinsa, don laka ta kwanta a ƙasa. A riƙa juya makulli sau ɗaya a wata, kada ya cije ran da a ke bukatarsa. Washa biyu uku da nadin tef su zauna cikin gwangwani a ofishin makaranta. Malamin da ya sa famfo guda a gaban 'yan ajinsa, yana faɗa musu dalilin ko wane mataki, ya ba garin masu gyara talatin.

TAMBAYOYI

1. Famfo yana ɗiga sau ɗaya cikin daƙiƙa biyu. Lita nawa zai zubar a wata mai kwana 30?

2. Fuskar ruwan tanki ta ɗara bakin famfo da mita 5. Turin nawa ne da ma'aunin bar? In an kawo tanki mai faɗi biyun wannan, tsawo bai sake ba, mene ne zai faru ga turin?

3. Bayyana bambancin mahaɗa mai washa da mara washa. A wace a ke sa tef, don me?

4. Don me a ke zubar da ruwa cikin bokiti kafin a haɗa tiyo da sabon famfo?

5. Zagaya makarantarku ka ƙirga famfunan da ke zuba. Zana taswirar hanyar ruwa daga tanki zuwa ko wane ɗaya, ka nuna inda ko wane makulli ya ke, ka kawo wa malamin aikin hannu ran Litinin.